Mai sikila a gidanku? Ga yadda za ku kula da zuciyarsa

Duk gidan da akwai mai sikila sun haddace abubuwan jiki. A sha ruwa da yawa, kar a fita cikin sanyi, ga folik asid kullum, ga maganin kariyar maleriya, a kwana cikin gidan sauro, in ido ya ƙara yin ruwan ɗorawa a garzaya a auna jini. Uwa kam daga yanayin tafiyar yaron kawai ta gane yau ba lafiya. Amma akwai ɓangaren da muke tsallakewa gaba ɗaya, wato abin da ke cin mutum a rai, mutumin da tun yana rarrafe yake kwanciya asibiti, yana ji ana maganar kuɗin da ya cinye, yana gani sa'o'insa suna wucewa aji na gaba shi yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Ana ƙiyasin jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikilar ta ɓangare ɗaya amma ba shi da ciwon, toh da wuya a zagaya zuri'a ba a samu wanda maganar nan ta shafa ba. Shi ya sa nake so mu bi ta dalla-dalla, kuma da yawan abin da zan faɗa zai yi wa mai jinyar ciwon suga ko mai wankin ƙoda amfani.

Abu na farko, kuma a nan aka fi cutar da su, in ya ce yana jin ciwo ka yarda. Ciwon sikila ba ya fitowa fili, mafi yawan lokuta ba jini ba kumburi, ƙwayoyin jini ne suke lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini sai iskar da jini ke kaiwa ta kasa isa cikin ƙashi, masu shi suna cewa ji suke kaman ana sara musu ƙashi da gatari. Amma da yake ba a ganin komai sai ka ji an ce raki ne, ko shagwaɓa, ko don kar a aike shi ne, ko don gobe akwai jarabawa. Wani abin da ke ruɗar mutane kuma, wanda ya shekara ashirin yana shan irin wannan azabar ya koyi ɓoye ta, za ka same shi yana danna waya ko yana 'yar dariya alhali ciwon yana nan daram, danna wayar ma dabara ce ta ɗauke hankali. Ranar da mutum ya gane sai ya yi birgima a ƙasa kafin a yarda da shi, toh ko dai ya riƙa ƙara ihu don a kula, ko ya yi gum ya daina faɗa har sai abu ya ɓaci, kuma duka biyun mu muka koya masa.

Dabarar da ke aiki ita ce ta lamba. Ku zauna lokacin da yake lafiya ƙalau ku yi yarjejeniya, sifili babu ciwo, goma shi ne mafi tsananin da ya taɓa ji. In abin ya motsa sai kawai ka ce “Auta, nawa ne yanzun?” ya ce shida, shikenan, ba musu ba “anya kuwa”. Ku tsayar tare da likitansa wace lamba ce za a iya ji da ita a gida da shan ruwa da gashi da ruwan ɗumi da maganin da aka rubuta, wacce kuma in an kai ta sai asibiti. Ƙaramin yaron da bai san lamba ba a zana masa fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka ya nuna. Hankalinsa zai kwanta don ya san ba sai ya yi ta roƙo ba kafin a saurare shi. Sai dai fa akwai alamun da ba a tsayawa tambayar lamba, zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, hannu ko ƙafa ta saki ko baki ya karkace, tafin hannu ya yi fari fat, ciki ya kumbura lokaci ɗaya, waɗannan asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

A asibiti kuma kai ne bakinsa. Wanda ke cikin azaba ba zai iya tsayawa dogon bayani ba, kuma da yawansu an taɓa yi musu kallon 'yan ƙwaya don kawai sun faɗi sunan allurar da ke musu aiki. Ka riƙe katinsa da 'yar takarda mai ɗauke da jinotaif ɗinsa, adadin jinin da ya saba zama a kai, magungunan da yake sha da wanda jikinsa ba ya so, ka yi magana cikin ladabi amma kar ka matsa daga wajen. Maganar allurar penta ta rage zafin ciwo kuwa gaskiya ce, akwai masu sikilar da suka saba da ita har suke saye a kemis suna yi wa kansu a ɓoye, tana sandarar da naman cinya tana buɗe gyambo. In kun gano haka a gida dan Allah kar a tara dangi a yi masa tonon silili, ba a majalisar 'yan shaye-shaye ya tsinto ta ba, a gadon asibiti aka fara yi masa, ciwo da tsoron ciwo suka kai shi. A kai shi wajen likitan jininsa a faɗi gaskiya, su haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a janye shi a hankali a sauya masa tsarin maganin ciwo, don in aka ƙwace allurar kawai aka bar shi da ciwon komawa zai yi.

Sai kuma bakinmu. Akwai maganganun da muke yi a gaban mara lafiya muna ganin tausayi ne, “ai irinsu ba sa daɗewa”, “wance ma haka ta yi ta fama har Allah ya karɓi abinsa”, “yaron nan ya ƙarar da ubansa”, wasu tsofaffin ma har yanzun ɗan wabi suke cewa in an taɓa rasa wasu kafin shi. 'Yan dubiya su cika ɗaki su yi ta lissafin waɗanda sikila ta kashe, yaro yana kwance ido a rufe ana zaton barci yake, alhali duk yana ji kuma zai riƙe har girmansa. Yaron da ya taso yana jin ba zai kai shekara ashirin ba me zai sa ya dage da karatu, ko ya damu da shan magani? Kuma maganar ma ba haka take ba. Akwai masu sikila likitoci da lauyoyi da malamai da 'yan kasuwa, masu 'ya'ya da jikoki, wata baiwar Allah a Legas, Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda, sai da ta kai shekara 94 da sikilarta kafin ta rasu a 2020. Ba kowa zai kai haka ba, amma kulawa ta canza sosai, ga maganin haidiroksiyuriya da ke rage yawan tashin ciwon, ga allurar rigakafi, ga ƙarin jinin da ake tantancewa. A samu mutum ɗaya a gidan wanda zai iya cewa “Gwaggo dan Allah mu bar wannan zancen, yana jinmu” ba tare da an ga rashin kunyarsa ba. Lissafin kuɗin magani da na jini kuma a fita waje a yi shi, kar miji da mata su tsaya a kansa suna cacar baki kan wa zai biya.

Toh ya ake sa mutum ya yi magana? Ba lokacin da ciwo ke cinsa ba dai, lokacin nan hannu kawai yake so a riƙe masa a yi shiru. Sai ya samu sauƙi. Kuma “ya jiki?” ba ta buɗe komai, amsarta ɗaya ce tun kaka da kakanni, “da sauƙi”. Ka tambayi wani abu daban, “ƙanwata me ya fi damunki a 'yan kwanakin nan?” ko “in kin kwanta da dare barci bai zo ba me kike tunani?” Ya fi sauƙi in ana wani aiki tare, ana tsinkar zogale, ana kitso, ana hanyar dawowa daga masallaci, ba a zaunar da mutum gaba da gaba a zuba masa ido ba. In ya fara magana ka yi shiru, wallahi wannan shi ne mafi wuya, sabida bakinka zai yi ta ƙaiƙayin ba da shawara ko kawo labarin wani wanda ya fi shi shan wahala. Ka bar shi ya kai ƙarshe, ko da ya ce ya gaji, ko ya ce yana jin haushin ƙannensa masu lafiya, ka ce “na ji ki, kuma ban ga laifinki ba”. Sannan abin da ya faɗa maka ya tsaya a wajenka, in ya ji shi a bakin wani gobe ka rufe ƙofar kenan.

A duba kuma waye ya dace ya yi tambayar. A gidajenmu akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle ɗan fari wanda uwa ko sunansa ba ta faɗa, yarinya ba za ta iya buɗe wa babanta ciki ba duk yadda yake sonta. Sau da yawa kaka ce ta fi dacewa, ko ƙanwar uwa, ko yaya, ko kawun da suke wasa da dariya. Iyaye kar su ji haushi in yaro ya zaɓi wani, su ma su taya shi nemo wanda zai iya.

Ban ce kar a ce masa ya yi haƙuri ba, ko kar a tuna masa ladan jinya, hadisi ya tabbata cewa ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita, kuma masu sikila da yawa da wannan suke samun ƙarfin tashi. Inda matsalar take shi ne mu yi amfani da “yi haƙuri” mu toshe masa baki tun bai gama ba, ko ya yi kuka mu ce rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, waye ya kai su imani? A bari ya fitar da abin da ke ransa tukun, nasiha ta biyo baya, a lokacin ne ma take shiga. 'Yan'uwa Kiristoci ma haka, kar a mayar da ciwon alamar ƙarancin bangaskiya. Ga kuma azumi, matasa da yawa suna ɗaukarsa a ɓoye don kunyar a gan su suna cin abinci, alhali ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan masu tayar da ciwon, ga zafin da azumi ke faɗowa a ciki a wasu shekarun. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, a tambayi likita a tambayi malami, duk hukuncin da aka tsaya a kai a hana yaran gida tsokanarsa. In ana addu'a ko tofi a yi, amma kar wanda ya ce a ajiye maganin asibiti wai sammu ne.

Yanzun ga inda ake buƙatar sa ido sosai. Baƙin ciki bayan an sha wuya na kowa ne, yana zuwa ya wuce. Ciwon damuwa daban yake, cuta ce da likitoci suka sani, kuma ta fi kama masu doguwar jinya a kan sauran mutane. Abin da ke sa ta ɓuya a jikin mai sikila shi ne alamunta sun yi kama da na ƙarancin jini, kasala, rashin cin abinci, yawan kwanciya, sai a ce ai jininsa ne ya yi ƙasa. Akwai tambayoyi biyu da likitoci ke fara tantancewa da su, kai ma za ka iya yi. A sati biyun da suka wuce kana yawan jin ranka a jagule ko ka fid da rai da komai? Abubuwan da da kake jin daɗinsu yanzun sun fita ranka? In ya ce eh kuma kusan kullum ne, a nemi likita. Ka lura kuma in ya daina shan maganinsa da gangan, ko ranar ganin likita ta zo ya ƙi zuwa, ko mai son kallon ƙwallo ya daina fita, ko ta daina ɗaga wayar ƙawayenta. Samari da magidanta su kuma sau da yawa ba kuka suke ba, faɗa ne da saurin fushi, sai a ce halinsa ya ɓaci.

In ka ji kalamai irin su “ni nauyi ne a kanku”, “da na mutu kowa ya huta”, kar ka wuce su, kuma kar ka fara da wa'azin wuta. Ka tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron tambayar nan wai za ta sa masa tunanin, ba ta sawa, sauƙi ma take kawowa don ya samu wanda zai faɗa wa. In ya amsa da eh kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe tarin magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, wani ya riƙa ba shi maganinsa na kullum, a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira Litinin ba.

Wajen zuwa kuwa, a fara da likitan da ke duba shi a kilinik ɗin sikila, a gaya masa ƙarara cewa akwai damuwa, shi zai tura ku. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitocin da aikinsu kenan, na Barnawa a Kaduna, na Kware, na Dawanau, na Maiduguri. Mutanen Nijar akwai cibiyar ƙasa ta sikila a Yamai da za a fara tambaya. Na san da an ambaci Dawanau ko Kware sai gaban mutane ya faɗi, a ce ai ɗanmu ba mahaukaci ba ne, toh da yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma gida su ci gaba da harkokinsu. Ita kanta Najeriya ta sauya doka, a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Kuma ba kowa ake ba ƙwaya ba, akwai maganin zama a yi magana da masanin halayyar ɗan adam, inda ake koya wa mutum ya kama tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, irin “ciwon nan shi ne ajalina” duk sanda ƙafa ta motsa, ya auna shi da abin da ya faru a baya, ya kuma koma ayyukan da ya watsar kaɗan-kaɗan. In an ba da magani a sani yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kar a yi kwana biyar a ce bai yi ba, kar kuma a yanke shi rana ɗaya ba da sanin likita ba, sannan a nuna wa likitan duk sauran magungunan da yake sha.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tsakanin ciwo da ciwo. Mu muna ganin an sallamo shi alhamdulillahi an huta, shi kuwa daga ranar ya fara jiran na gaba. Hadari ya haɗo gabansa ya faɗi, hunturu ya matso ya fara lissafi, an sa ranar jarabawa ko bikin ƙawa ta fara tunanin ko za ta kai ranar a tsaye. Kuma tashin hankali shi kansa yana iya tayar da ciwon, ga shi yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara wa ciwo zafi. Abin da ke rage fargabar nan shiri ne wanda shi ma ya san da shi, jaka ɗaya a ajiye da kati da bargo da kayan sawa, lambar mai mota ko mai adaidaitan da zai amsa waya da dare, sunayen waɗanda za su iya ba da jini, da ɗan kuɗin da ba a taɓawa ko na adashi ne. Ya samu ƙaramin littafi yana rubuta ranar da ciwo ya tashi da abin da ya faru kafin nan, bayan 'yan watanni zai fara gane nasa abubuwan, wani wankan ruwan sanyi ne, wani doguwar tafiya, wani faɗan gida. Ya koyi jan numfashi a hankali, ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu ya fitar ta baki yana ƙirga shida, na minti biyar, ya riƙa yi tun yana lafiya don in ciwo ya zo jiki ya riga ya saba. Wasu zikiri ko sauraron ƙira'a ke musu wannan aikin. Ba ya maye gurbin magani, amma yana hana firgici ya hau kan ciwon.

Yara kuwa a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, cewa jininsu daban aka halicce shi, ba laifinsu ba ne, ba kuma a ɗauka. Kar a daki yaro mai sikila kan fitsarin kwance, ƙodarsa ce ba ta iya riƙe ruwa yadda ta sauran yara ke yi, ga shi mu da kanmu muke ce masa ya yi ta shan ruwa. A sa leda a katifa a rufa masa asiri.

Shekarun balaga su ne mafi nauyi a ganina. Balagar tana jinkiri, ƙawaye sun fara al'ada sun cika ita tana nan 'yar firit, abokai sun yi gemu shi ana masa kallon yaro, ga ido ruwan ɗorawa, wani ga gyambo a idon sawu da ya ƙi warkewa yana ɓoye shi da safa, wani ƙugu ya lalace yana ɗingishi. A gaya musu tun kafin su tambaya cewa jinkiri ne kuma zai zo. Sannan akwai abin da samari ke ɓoyewa sabida kunya, miƙewar gaba mai zafi ba tare da sha'awa ba, yawanci cikin dare ko da asuba. Dole uba ko yaya ko kawu ya yi wa yaro bayaninsa tun bai faru ba, cewa ciwon ne ba iskanci ba, kuma in ya kai awa biyu bai kwanta ba ya taso wani a tafi asibiti, don jinkiri yana iya lalata gaban har abada.

Makaranta a je a samu malamin ajin da hedimasta a yi musu bayani, a bar shi ya shiga da gorar ruwa, ya fita fitsari ba sai ya roƙa ba, ban da bulala da gwale-gwale da tsayuwar rana, in ya kwanta asibiti a samu abokin da zai kawo masa abin da aka yi. In yaro mai ƙoƙari ya fara ja baya haka kawai kar a ce daƙiƙanci ne, sikila tana iya taɓa ƙwaƙwalwa a ɓoye ba tare da an ga hannu ko ƙafa ta shanye ba, a gaya wa likita. Akwai gwajin na'ura da ake wa yara a gefen kai daga shekara 2 zuwa 16 don gano masu haɗarin shanyewar jiki, kuma binciken da aka yi a Kano da Kaduna tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2022, ya nuna ko ɗan ƙaramin adadin haidiroksiyuriya yana ba irin waɗannan yaran kariya. Ku tambaya a kilinik ko ana yi.

Amma kuma kar tsoro ya sa a naɗe shi a ajiye. Yaron da aka hana wasa, aka hana aike, aka hana ko share ɗaki, zai taso yana ganin ba shi da amfani. A ba shi aikin da zai iya, a koya masa sana'ar da ba ta buƙatar ƙarfi, in ya yi laifi a yi masa faɗa daidai da kowa, in ya girma a bar shi ya riƙe katinsa ya yi wa likita bayani da bakinsa.

Maganar aure tana karya zukata da yawa. Jihar Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, har da jinotaif, kuma abu ne mai kyau, amma a tuna da wadda ake fasa aurenta an kusa sa rana don dangin miji sun ji tana da SS, wato sikila. Gara a faɗa tun farkon magana kafin zuciya ta yi nisa, kuma a sani mai SS in ya auri mai AA, wanda bai gaji sikila ko kaɗan ba, 'ya'yansu AS za su zama, ba masu sikila ba. In an fasa a zauna da ita a bar ta ta yi kukanta, kar a ce “dama me kike tsammani”.

Uwar mai sikila ita ma mara lafiya ce da ba ta da kati. Ita ke kwana zaune a kujerar asibiti, ita ke barin sana'arta, sannan a wasu gidajen ita ake ɗora wa laifi wai daga danginsu ne, har ta kai ga saki ko a yi mata kishiya da gayya. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓo S ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma AS biyu in suka haɗu kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu, ko na fari ne ko na takwas. Maigida ka faɗi wannan da bakinka a gaban mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata, daga gare ka ne kawai za su ji. A raba kwanan asibiti, wata ta karɓe ta ko dare ɗaya ne ta je gida ta yi wanka ta yi barci, a yi mata waɗancan tambayoyin biyu ita ma. Sauran yaran gidan kuma a riƙa waiwayarsu, suna jin an manta da su, kuma suna jin kunyar faɗa don sun ga ɗan'uwansu ne ke shan wuya.

Kai kuma mai ɗauke da ciwon, ka nemi irinka. Akwai ƙungiyoyin masu sikila a manyan garuruwa da guruf-guruf a WhatsApp da Facebook, ana taruka duk 19 ga Yuni ranar sikila ta duniya, kuma zama da wanda ba sai ka yi masa bayanin komai ba yana sauke nauyi sosai. Sai dai ka yi hattara da masu tallar maganin da wai yana mayar da SS ya koma AA, babu wani jiƙo ko garin da ke yin haka, dashen ɓargo ne aka sani yana warkarwa, shi ma yana da tsada da haɗari kuma ba kowa ya dace da shi ba. In guruf ya koma sanarwar rasuwa kullum har kana kasa barci, ka kashe sanarwarsa na ɗan lokaci, ba cin amana ba ne. 'Yan gida ku ma ku sani, duk ranar da wani abokinsa mai sikila ya rasu, abin da ke ransa shi ne ko shi ne na gaba, ko bai faɗa ba. Ku kira shi a ranar, wani ya raka shi gaisuwa in yana son zuwa, in ba ya so kar a tilasta masa, sannan a sa ido a satin kan maganinsa da barcinsa, a kuma tabbata ya je ganin likitansa na gaba.